Yadda za ku koya wa ƙaramin yaro kimiyya da shirin katun na Sid

Akwai wani kashi a cikin shirin katun na Sid the Science Kid wanda ya taso daga abin da kowace uwa ta saba gani a ɗakinta. Sid, yaro ne ɗan ajin rainon yara, ya tarar ayabarsa ta canza launi ta yi laushi tuɓus, shi kuma ya ƙi barin maganar ta wuce har sai ya san dalili. Ya tambayi iyayensa a wurin karin kumallo, ya tambayi abokansa a filin makaranta, ya kai tambayar gaban malamarsu, suka duba abubuwan da suka ruɓe suka gwada su da sababbi, sannan da yamma ya dawo gida da kalma guda da zai iya bayyanawa da bakinsa, wato ruɓewa. Kusan rabin sa'a aka kwashe a kan tambaya ɗaya tak, kuma wannan shi ne abin da ya fi burge ni game da shirin, domin yawancinmu idan yaro ya yi irin wannan tambaya cewa muke yi ya jefar da ayabar ya je ya wanke hannu.

An fara nuna shirin ne ranar 1 ga Satumba, 2008, a tashar yara ta PBS Kids da ke Amurka. Kamfanin Jim Henson ne ya shirya shi tare da tashar KCET ta birnin Los Angeles, kuma kamfanin ya yi suna tun da daɗewa wajen wasan 'yar tsana, shi ya sa motsin Sid da abokansa ya bambanta da na sauran katun. Mutane ne na gaske suke yin motsin jikin, wani kuma yana sarrafa fuska yana ba da murya, kwamfuta tana mayar da aikinsu zane nan take. Darussan kuwa an ɗora su ne a kan wata manhajar koyar da kimiyya ga yaran da ba su shiga firamare ba, wadda Rochel Gelman da Kimberly Brenneman na Jami'ar Rutgers suke cikin waɗanda suka tsara ta. Tushen manhajar shi ne yaro ɗan shekara uku ko huɗu yana iya lura, yana iya kwatanta abu da abu, yana iya yin hasashe sannan ya duba ko hasashensa ya yi daidai, muddin an ba shi abin da zai taɓa da hannunsa da kuma babban da zai saurare shi.

Abin da wannan jagora yake son nunawa shi ne yadda uba ko uwa, ko yaya ko malamar ajin raino, za su mayar da irin wannan shiri darasi na gaske. A ganina shirin ba shi ne darasin ba. Aikinsa shi ne ya tayar da tambaya a zuciyar yaro, darasin kuma yana farawa ne bayan an kashe talabijin ko an ajiye waya. Duk abin da zan faɗa a kan Sid yana aiki a kan sauran shirye-shiryen da suka bi wannan hanya, irin su Elinor Wonders Why da aka fara a 2020, ko Peep and the Big Wide World da ya girme su duka tun 2004.

Ku fara kallo ku kaɗai

Kafin yaro ya ga kashi ko ɗaya, ku zauna ku kalle shi ba tare da shi ba, ko da cikin dare ne bayan an kwanta. Dalili na farko shi ne ku san ko akwai abin da bai dace da tarbiyyar gidanku ba, domin shiri ne da aka yi wa yaran Amurka, akwai waƙe-waƙe da rawa a cikinsa, kuma kowane gida yana da iyakar da ya shata. Dalili na biyu, wanda ya fi nauyi a nan, shi ne ku gano tambayar da kashin ya ginu a kanta, ku tanadi kayan da za ku yi gwajin da su. Idan kashin ayaba ne, a sayi ayaba tun jiya. Idan na narkewa ne, a tabbatar akwai ƙanƙara a gida ko an san inda za a saya. Babu abin da yake kashe sha'awar yaro kamar a ce masa sai gobe, domin zuwa goben hankalinsa ya koma wani wuri.

Sanin tsarin shirin zai sauƙaƙa muku aiki, domin kusan kowane kashi hanya ɗaya yake bi. Sid yakan tashi da tambaya a ɗakinsa, ya kai ta wurin karin kumallo, mahaifiyarsa ta kai shi makaranta, ya ɗauki makirufonsa na wasa ya ji ra'ayin abokansa uku, May da Gerald da Gabriela. Daga nan sai su zauna da malamarsu Susie, su shiga sashen gwaji, inda ake kuma nuna yara na gaske suna yin gwajin da hannunsu. Bayan an tashi kakarsa ce take zuwa ɗaukarsa, takan ba shi labarin da ya danganci abin da ya koya. An kuma jera kashe-kashen ne mako-mako, kwana huɗu a kan maudu'i ɗaya, ranar Juma'a a yi bita. Akwai makon kayan awo, da na sauye-sauyen abubuwa, da na gaɓoɓin ji da gani da ɗanɗano, da na lafiyar jiki, da na ƙananan na'urori masu sauƙaƙa aiki, da na yanayi. Ina ba da shawara ku bi wannan jeri maimakon ku riƙa tsallake-tsallake, ku zauna a kan maudu'i ɗaya mako guda ko biyu har ya zauna.

Batun shekaru da tsawon lokaci ba ya bukatar dogon bayani, domin masana lafiya sun riga sun yi magana. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ba a so jariri da ɗan shekara ɗaya su zauna kallon allo, yara 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce sa'a ɗaya a rana, idan an rage ma ya fi. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗi kusan haka a 2016 game da 'yan shekara 2 zuwa 5, ta ƙara da cewa iyaye su riƙa kallo tare da su. Kashi ɗaya a rana ya wadatar, kuma shirin ya fi dacewa da ɗan shekara uku zuwa shida. Idan a waya za a kalla, a sauke kashin tun farko ko a kashe tsarin da yake jawo bidiyo na gaba da kansa, domin da zarar wani ya biyo baya an rasa damar tashi zuwa gwaji, kuma ba ku da iko a kan abin da zai biyo bayan.

Matsalar harshe

Da Turanci aka yi shirin, kuma yaron da ya tashi a gidan da Hausa kaɗai ake yi ba zai fahimci maganar ba, sai dai ya bi motsi da launi. Wasu iyaye suna ganin wannan riba biyu ce, wai zai tsinci Turanci ya kuma tsinci kimiyya. Ban yarda da wannan ba. Yaro ƙarami da harshen da yake mafarki da shi yake tunani, idan kuma aka ɗora masa sabon ra'ayi a cikin baƙon harshe, abin da zai rage masa shi ne sautin kalmar ba tare da ma'anarta ba. Zai iya maimaita kalmar Turancin da ya ji har baƙi su yaba, amma idan aka tambaye shi me ya faru da ayabar ba zai iya cewa komai ba.

Saboda haka ku ne tafinta. Ba a bukatar ku fassara kowace jimla, abin da ake so shi ne ku tsayar da bidiyon a wurare uku ko huɗu ku faɗi abin da ke gudana a taƙaice. Tun a farko ku gaya masa tambayar Sid da Hausa, ku mayar da ita tasa. Sa'ad da abokan suka ba da amsoshinsu, ku faɗa masa abin da kowa ya ce, sannan ku tambaye shi wanda yake ganin ya fi kusa da gaskiya. A sashen gwaji ma ba a cika bukatar fassara ba, domin hannu da ido suke aiki.

Hausa ba ta gaza ba a wannan mataki, domin kimiyyar ɗan shekara huɗu da kalmomin tsakar gida ake yin ta. Muna da narkewa da daskarewa, da tafasa da tururi, da ruɓewa da hunhuna, da tsiro da yauƙi da kaushi da santsi, da nutsewa da tasowa saman ruwa. Abin da ya kamata ku kula da shi shi ne ku zaɓi kalma ɗaya ga kowane abu ku riƙe ta. Idan yau kun ce hasashe, kada gobe ku ce kintace jibi ku ce tsammani, ku bari hasashe ta zauna tukuna. Kalmomi huɗu nake so kowane yaro ya mallaka kafin ya shiga firamare, wato lura, da kwatanta, da hasashe, da gwaji, kuma shi kansa shirin a kan irin waɗannan kalmomi yake nanatawa. Kada ku ji tsoron cewa sun yi wa yaro girma, domin yaron da ya iya haddace sunayen 'yan gidansu duka da laƙabinsu ba zai kasa riƙe kalmar hasashe ba idan yana jin ta kullum a wurin da ta dace. Wanda kuma yake son ƙari da harshen gida yana iya neman shirye-shiryen kamfanin Ubongo na Tanzaniya, wanda ya mayar da wasu katun ɗinsa na koyarwa zuwa Hausa, ko da yake na ƙananan yaran ya fi karkata ga ƙirga da haruffa.

Idan an kashe allo

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan zan fi daɗewa. Mu fara da ayabar. Ku samu ayaba biyu masu kama da juna, a ci ɗaya ko a ɓare a duba cikinta yau, ɗayar kuma a saka ta cikin roba mai haske mai murfi a ajiye inda yaro zai iya gani. Kafin a rufe, ku tambaye shi yadda yake ganin za ta zama bayan kwana uku, kuma duk abin da ya faɗa ku karɓa ba tare da gyara ba. Kowace safiya a zo a duba. Zai ga ɗigo-ɗigon baƙi sun bayyana, sannan su haɗe, ɓawon ya yi duhu, jikin ya saki ruwa, daga baya hunhuna ta fito fari-fari ko toka-toka. Bayanin da ya dace da shekarunsa gajere ne, cewa ayaba tana ci gaba da nuna ko bayan an cire ta daga uwarta, in ta wuce nuna kuma wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani sai su fara cin ta. Idan hunhuna ta fito kada a buɗe robar, a duba ta waje, a zubar da ita a rufe. Wanda yake son ya faɗaɗa gwajin sai ya ajiye tsakuwa ko cokalin roba a wata robar ta daban, domin yaro ya gano da kansa cewa ba kowane abu ne yake ruɓewa ba, kuma abin da ya taɓa rayuwa ne ya fi saurin yi.

Makon sauye-sauye shi ne ya fi kowanne daɗin yi a gida. A cikin shirin Sid ya yi mamakin yadda ƙanƙararsa mai zaƙi ta narke, a wani kashin kuma aka yi maganar fanken Turawa wanda zafi yake mayar da ƙullunsa abin ci. Darasin da ke tsakanin kashi biyun shi ne akwai canjin da ake iya mayarwa baya, akwai wanda ba ya komawa. Ruwa yana daskarewa idan sanyi ya kai digiri 0 a ma'aunin Salshiyas, ya narke, a sake daskarar da shi, yana nan ruwansa. Man shanu da man kaɗe ma haka suke, su narke a rana su koma su daskare da sanyin safiya, musamman a lokacin hunturu. Amma ƙullun ƙosai da ya shiga mai, ko ƙullun waina da ya shiga tanda, ko ƙwai da aka dafa, babu sanyin da zai dawo da su yadda suke. Ku bar yaro ya taɓa ƙullun da yatsa kafin a soya, ya tsaya nesa da wuta ya kalla, sannan ku ba shi ƙosan da ya huce ku tambaye shi ko za a iya mayar da shi ƙullu. Yara da yawa za su ce a saka shi a firji, to sai a saka ɗin, a dawo gobe a duba. Wannan dubawa ta gobe ta fi kowane bayani da za ku yi masa.

Akwai gwajin ƙanƙara guda da nake so ƙwarai, domin ko manya yakan ba su mamaki. Ku samu gutsuren ƙanƙara uku masu girma ɗaya, a saka ɗaya a rana, ɗaya a inuwa, na ukun kuma a naɗe shi da tawul ko tsumma mai kauri a ajiye shi a inuwar. Tattaunawar tana iya kasancewa kamar haka.

"Wacce kake gani za ta riga narkewa?"

"Wadda aka lulluɓe, Umma, saboda za ta ji zafi."

"To, wannan shi ne hasashenka. Mu jira mu gani."

Amsar yaron tana da hankali a cikinta, domin ya san bargo yana ɗumama shi da dare. Amma bayan ɗan lokaci zai ga ta rana ta riga tafiya, ta inuwa ta bi ta, wadda aka naɗe kuwa ita ce ta fi daɗewa. Dalili shi ne tsumma ba ya ƙirƙirar zafi, hana shi wucewa yake yi, ya tsare zafin jikin mutum a ciki, ya kuma tare zafin waje daga isa ga ƙanƙara. Idan kun fita tare ku nuna masa yadda masu sayar da ƙanƙara suke lulluɓe ta da buhu, zai gane cewa abin da ya gani a tsakar gida shi ne sana'ar wani take tafiya a kai.

A makon awo, yaran shirin suna auna tsawo da abin da ba ma'auni ba ne, har da jikin ɗaya daga cikinsu. Wannan tsohon abu ne a wurinmu, domin da kamu ake auna yadi, da taku ake auna fili, da mudu da tiya ake auna hatsi. Ku sa yaro ya auna tsawon tabarma da tafin ƙafarsa yana ƙirgawa, sannan Abba ya auna da tasa. Idan yaron ya samu goma sha biyu uban ya samu bakwai, ku tambaye shi ko tabarmar ce ta ƙanƙance. Zai yi ɗan shiru, kuma wannan shirun kada ku katse shi, domin a cikinsa ne yake gano cewa ƙafafun ne suka bambanta. Daga nan ne zai fahimci abin da ya sa tela yake riƙe da awo mai lambobi wanda ba ya canzawa ko wane ne ya riƙe shi. Haka kuma za a iya yi da kofi da kwano, a yi hasashen kofi nawa na gero zai cika kwanon, sannan a zuba a ƙirga.

Inuwa ba ta bukatar a sayi komai. A kafa sanda a tsakar gida, a zana ƙarshen inuwarta da gawayi da hantsi, a sake zanawa da tsakar rana, a sake da yamma. Yaro zai ga ta yi tsawo, ta gajarta, ta koma ɗaya ɓangaren ta sake miƙewa. Idan akwai kaka ko kakan da zai gaya masa cewa da inuwa ake gane shigar azahar da la'asar tun kafin agogo ya yawaita, to an samu irin gudummawar da kakar Sid take bayarwa a mota, kuma ta mutanen gidan yaron ce. Randa ma tana da nata darasin. A zuba ruwa a randa da kuma a bokitin roba da safe, a ajiye su wuri ɗaya a inuwa, da rana a tsoma yatsa a kowanne. Ruwan randa ya fi sanyi saboda yana tsattsafowa ta jikin ƙasar yana bushewa, bushewar kuma tana tafiya da zafi, kamar yadda gumi yake sanyaya jiki. A kan wannan hikima ce Mohammed Bah Abba, malami a jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ga ɗan shekara huɗu, ya isa a jiƙa masa bayan hannu a hura, ya ji sanyin da kansa.

Ƙananan na'urori kuwa a bakin ƙofa suke. Katakon da ake jinginawa a shigar da babur zaure, da baro, da kurar mai ruwa, duk misalai ne na yadda gangara da taya suke rage wahalar ɗaukar kaya. Ku sa shi ya ja kwali mai kaya a ƙasa, sannan a ɗora kwalin a kan wani abu mai taya ya sake ja, shi zai gaya muku bambancin.

Littafin lura

A cikin shirin kowane yaro yana da littafin da yake zana abin da ya gani bayan gwaji, kuma wannan al'ada ce da bai kamata ku bari ta wuce ku ba. Littafin rubutu mai araha da fensir sun isa. Yaron bai iya rubutu ba, saboda haka zane zai yi, ku kuma ku rubuta kwanan wata a sama, a ƙasa ku rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa yadda ya faɗe su. Kada ku gyara masa zanen, kada kuma ku karɓi fensirin ku zana masa mai kyau. Abin da ake nema shi ne zanen ya nuna abin da ya gani, idan ayabar tana da ɗigo to a ga ɗigo. Amfanin littafin yana fitowa ne bayan kwanaki, ranar da za ku buɗe shafin Litinin da na Alhamis gefe da gefe ya ga canjin da idonsa bai kama ba sa'ad da yake faruwa a hankali. A nan ne kuma zai ga hasashensa na farko a rubuce, ya gwada shi da abin da ya faru.

Yadda kuke karɓar hasashen da bai yi daidai ba shi ne zai nuna ko yaron zai ci gaba da yin hasashe. Idan aka yi masa dariya, ko yayyensa suka ce ba ka san komai ba, gobe zai jira a faɗa masa amsa. Ku ce masa, "Ka yi hasashe, mun gwada, ga abin da muka gani," ku bar shi a nan. Haka kuma idan ya yi tambayar da ba ku san amsarta ba, kada ku ƙirƙiro masa, kada kuma ku rufe bakinsa da cewa ya cika tambaya. Ku ce ba ku sani ba, ku tambaye shi yadda za a yi a gano, ko a gwada, ko a tambayi wanda ya sani, kamar makaniki ko manomi ko ma'aikaciyar asibiti. Yaron da ya ga mahaifinsa yana tambayar wani ba tare da jin kunya ba ya koyi abin da babu kashin katun da zai koya masa.

Idan ya nemi a sake masa kashin da ya gani jiya, ku sake masa. Masu shirin Blue's Clues, wanda aka fara a Amurka a 1996, kashi ɗaya suke maimaitawa kwana biyar a jere da gangan, kuma binciken da aka wallafa a 1999 ya nuna cewa fahimtar yara tana ƙaruwa da maimaicin, suna kuma ƙara amsa wa shirin da bakinsu. A kallo na biyu ko na uku ku rage fassara, ku bar shi ya riƙa gaya muku abin da zai faru, ko ya yi wa ƙaninsa bayani.

Akwai abubuwan kiyayewa da ba a sassauci a kansu. Ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai da bokitin ruwa ko baho ko da na minti ɗaya ne, kuma a zubar da ruwan da zarar an gama gwajin nutsewa. Wake da tsakuwa da ƙananan batura da maganaɗisu suna iya shiga baki ko hanci ko kunne, don haka a ƙirga su kafin a fara, a sake ƙirgawa bayan an gama, musamman idan akwai mai rarrafe a gidan. Gilashi mai ƙara girman abu, wanda shirin ya ware masa kashi guda, kayan aiki ne mai kyau na duba tururuwa da jijiyoyin ganye da zanen yatsa, amma a gaya wa yaro sarai cewa ba a kallon rana da shi, ba a kuma barin sa a rana domin yana iya tayar da wuta. Wuta da mai mai zafi aikin babba ne kaɗai. A kuma kafa doka tun ranar farko cewa ba a ɗanɗana kayan gwaji sai Umma ko Abba sun ce a ɗanɗana, a wanke hannu da sabulu bayan kowane gwaji.

Ga wanda yake son ya fara a wannan makon ba tare da jiran samun wani kashi na musamman ba, shuka wake ce mafi sauƙi, kuma ta dace da kashin da Sid yake zaton takalmansa ne suke ƙanƙancewa alhali ƙafarsa ce take girma. A jiƙa ƙwayar wake huɗu ko biyar su kwana, a jera su a jikin kofi mai haske tsakanin bangon kofin da auduga ko tsumma mai laima, a ajiye kusa da taga. A riƙa yayyafa ruwa kaɗan kullum yadda audugar ba za ta bushe ba, ba kuma za ta yi tsamo-tsamo ba. A cikin kwana uku zuwa biyar saiwa za ta fito, kuma kafin ta fito ku tambayi yaron ko sama za ta nufa ko ƙasa, ku rubuta amsarsa. Idan ganye ya buɗe sai a mayar da shukar cikin ƙasa a gwangwani mai huda a ƙasansa, a kafa tsinke a gefenta, kowace Juma'a a sa alama inda ta kai. A ranar da aka sa alamar farko a jikin tsinken, a tsayar da yaron shi ma a jikin bango a sa tasa alamar da kwanan wata, a gaya masa cewa ta waken kowane mako za a duba, tasa kuwa sai bayan wata shida.